Ruwan Baƙo a Tudun Ɗinya

Gwarzo,
18 ga Afrilu.

Zuwa ga maigidana, Abban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da Ummi. Yaya shago, yaya zafin Kano? Ni ma nan lafiya ƙalau, sai dai rana da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Masaukinmu kwana tara ke nan rabonsa da wuta, ɗan cajin da muke samu a sola kuwa na'urorin aiki ake fara ba wa, wayoyinmu sai abin da ya rage. Ban da haka ka san halinka a waya, ba na kai ƙarshen magana sai ka tare ni da tambayar inda na ajiye takalmin Ummi. A takarda dole ka saurare ni har in gama. Malam Uwaisu direbanmu yana shiga Kano kowace Juma'a, shi zai riƙa ajiye maka a shago.

Ka ce har yau ba ka gane aikin da ya raba ni da gida wata biyu ba. To ga shi a taƙaice. Cibiyarmu tana auna garuruwan yammacin Kano a kan abu uku: ruwa, makamashi da abinci. A kowace unguwa muna shiga gida ashirin da tambayoyi arba'in da biyu. Minti nawa ne zuwa wurin ɗiban ruwa da dawowa? Da me ake girki, itace ko kara ko gawayi ko gas? Awa nawa ake ganin wuta a rana? A watan da ya wuce an taɓa rage kwano saboda babu? Idan mun gama sai mu ɗebi ruwan randar gidan a 'yar kwalba a kai gwaji. Kwamfuta a Kano ita ke haɗa amsoshin ta ba kowane wuri maki cikin ɗari da launi, kore ko ɗorawa ko ja. Wurare shida da suka fi ja a ɓangaren ruwa za a haƙa musu burtsatse mai sola. Shugabarmu Dakta Zinnira kullum tana tuna mana cewa mu ba masu rabo ba ne, masu awo ne.

Makon jiya a Kabo muka yi shi. Mutanen cikin gari sun sha ganin masu fom, sun san kan abin fiye da mu. Wani maigida ya rantse mini rabonsu da wuta tun kafin azumi, alhali ga firji a bayansa an lulluɓe shi da zanin gado yana ta gurnani. Akwai gurbin abin da ma'aikaci ya gani da idonsa, a nan na sa firjin.

Yanzu ga labarin da ya sa na zauna rubutu. Cikin ƙauyukan mazaɓar Kara da aka zaɓa har da Tudun Ɗinya, garinmu. Doka ta hana mutum auna garinsu, don haka na faɗa wa Dakta, ta ba abokan aikina biyu, Badaruddeen da Khairiyya. Ranar Talata za su je.

Sau biyu ka taɓa zuwa garin, duka da damina, ka ga kore shar ka sha nono ka dawo kana cewa nan za ka yi ritaya. Ba ka san shi da bazara ba. Rijiyar garin guda ɗaya ce, kuma sanyi na tafiya take ƙafewa. Daga nan mata sai rafi. Su tona yashi, su zauna su jira ruwa ya tsattsafo, su kwasa da ƙoƙo. Inna mahaifiyata ta haura hamsin da biyar, har yau tana cikinsu da gammonta. Rabin yaran garin tsargiya gare su. Ba ni da wata fargaba a kan sakamako, idan akwai ja a ƙasar Gwarzo to can yake.

Na je na gaya wa Goggo Sauda, ƙanwar Baffa mahaifina, wadda ta riƙe ni a nan Gwarzo tun ina shekara uku, ta aika masa cewa abokan aikina suna tafe ran Talata. Shi ne mai unguwa, bai kamata baƙi su faɗo masa babu sanarwa ba. Ka san ni ba zan iya gaya masa da bakina ba. 'Yar fari ce ni, kuma gidanmu ko da shanun sun ƙare kunyar Fulani ba ta ƙare ba. Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba, magana tsakaninmu sai ta bi ta Goggo.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina yi mata ban gajiyar rainon jikarta Ummi. Takalmin yana ƙarƙashin gado ta gefen taga.

Taka,
Badi'a.

Gwarzo,
25 ga Afrilu.

Abban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa irin ta wadda ta yi kewa, da fatan kowa lafiya a gida. Na ga saƙonka da man zafin da ka ba Malam Uwaisu, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Yaya tarin Hajiya?

Na yi ɓarna, kuma da hannuna na yi ta.

Badaruddeen da Khairiyya sun dawo daga Tudun Ɗinya ran Talata da yamma suna ta sa wa garinmu albarka. Badaruddeen ya ce tunda ya fara aikin nan ba a taɓa karɓarsa haka ba. Shinkafa da naman rago, fura da nono mai sanyi, ga fanka tana juyawa a zauren mai unguwa. Khairiyya ta ce kowane gida suka shiga randa cike take har wuya, ruwa garau kamar na leda. Har tsiya ta yi mini, wai ashe 'yar masu hali ce ni nake ɓoyewa. Da farko na yi dariya. Da na ji maganar fanka sai dariyar ta tsaya, domin babu turken lantarki ko ɗaya tsakanin garin da bakin titi.

Washegari na tafi wajen Goggo. Tana tankaɗe ta ba ni labarin, tana alfahari ma. Saƙona na isa Baffa ya tara maza bayan la'asar, ya ce baƙi za su zo daga Kano, abokan aikin 'yar wajen Sauda ne, kada wanda ya kunyata gari. Ya yanka ragon da yake kiwo domin babbar sallah. Ya sa aka ɗaura wa shanun noma amalanke biyu, aka yi sawu uku zuwa burtsatsen wani gari da jarkoki. Da yake bai san gidajen da za a shiga ba, sai ya sa aka cika randar kowane gida a garin. Janareto da fanka kuwa daga wajen mai cajin waya na bakin titi aka aro su.

Na karɓi na'urar Khairiyya na duba amsoshin ɗaya bayan ɗaya. An taɓa rage kwano? Alhamdulillahi, ba a taɓa ba. To wane magidanci ne zai ce yana kwana da yunwa, baƙo na zaune hannunsa cikin shinkafarsa? Minti nawa zuwa ɗiban ruwa? Nan kusa ne. Khairiyya ta matsa a ba ta lamba, aka ce mata ta rubuta abin da ya sauƙaƙa, ta rubuta sha biyar. Ba na ganin laifinta, haihuwar cikin birni ce. Mu a wajenmu, ka ba baƙo ruwa sannan ka gaya masa nisan inda aka ɗauko shi, gori ka yi masa. Ko yarinya ƙarama ba za ta yi ba.

Babu wanda ya zauna ya shirya ƙarya a garin nan, Abban Ummi. Karamci suka yi, iyakar ƙarfinsu, domin kada a raina ni a wurin aiki. Mutanen cikin gari suna rufe firji da zanin gado don a ba su, namu sun aro fanka don kada a ce ba su da shi.

An riga an tura amsoshin Kano tun a daren Talatar, kwalaben ma sun tafi. Sai mu jira abin da kwamfuta za ta ce, ko da yake na san abin da za ta ce.

A shafa mini kan Ummi.

Taka,
Badi'a.

Kabo,
9 ga Mayu.

Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan ka tashi lafiya, da iyali da abokan kasuwa. Ka yafe mini rashin takarda makon jiya, mun dawo Kabo ƙarasa wasu unguwanni ne, kuma gaskiya ba ni da bakin magana.

Sakamako ya fito. Tudun Ɗinya ta sami saba'in da huɗu a ruwa. Kore. A kan taswirar da Dakta ta nuna mana, ɗigon garinmu ya fi na wasu unguwannin cikin Kabo kyau, masu famfo a ƙofar gida. A abinci ma kore, a makamashi ɗorawa, albarkacin fanka. An fitar da jerin wurare shida, ba ma ciki, ba ma kusa.

Ba zan ɓoye maka ba, kafin a rufe shafin na zauna da na'urar Khairiyya a cinyata, na san lambar buɗe ta, na san inda sha biyar ɗin nan take. Sifiri ɗaya zan ƙara. Na daɗe ina kallonta sannan na mayar da ita jaka. Ba tsabar kirki ba ne, na tuna kwalaben gwajin ne, waɗanda ba ni da hanyar gurɓata su. Ka ga irin matar da ka aura.

Na sami Dakta na gaya mata komai. Ta cire gilashinta ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina firamare. Ta ce ranar farko ta horo an faɗa mana ba a sanar da ranar zuwa, kuma gaskiyarta, an faɗa, har na ja layi a ƙarƙashinsa. Ni dai a kaina dokar ta masu ɓoye firji ce, ban taɓa kawo Baffa a cikinta ba. Da ta huce ta ce hanya biyu ce. Ko mai unguwa ya rubuto ƙorafi da sa hannunsa cewa sakamakon ba gaskiya ba ne, ko ita da kanta ta je babu sanarwa ta sake awo. Kuma duk abin da za a yi a yi shi kafin ruwan sama na farko, domin da zarar kududdufai sun cika an rufe awon bana.

Na zaɓi ta farko, na rubuta takardar da kaina, layi biyar kacal, na ba Goggo ta kai. Ta dawo mini da ita a ninke yadda na ba ta. Baffa ya ce baƙo ya zo ya ci ya sha ya tafi da mutuncin gari a bakinsa, shi ba zai bi shi da takarda yana cewa abin da ka gani aro ne ba. Ya ce kakanninsa sun zauna a tudun nan ba su roƙi kowa ba, kuma asirin da Allah ya rufa ba shi zai tona da babban yatsansa ba. Goggo ta ce masa ai ba a kansa ake ɗora jarkar ba. Ya tashi ya bar mata tabarmar. Inna tana jin su daga madafa, ba ta sa baki ba, ba ta kuma taɓa sawa ba.

Na karanta shawararka, cewa in bar maganar, albarkar iyaye ta fi burtsatse, wata shekarar a sake awo. Na san don ni ka faɗa. Amma babu wata shekarar, aikin na bana ne kaɗai. Kuma kai ruwanka 'yan ga-ruwa ke turo maka shi har ƙofar gida, idan sun makara rabin awa kowa a layin sai ya ji muryarka. Haushi nake ji, Abban Ummi. Ina jin haushin Baffa, ina jin haushin kaina ninki biyu, domin shi abin da ya sani ya yi, ni kuwa da takardar digiri na yi nawa.

Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi ta cika baki sannan ya watse. Kowa a Kabo ya ji takaici ban da ni, Allah ya yafe mini.

Na gaya wa Dakta ta sa rana. Hanyar garin ta rabu uku bayan rafi kuma Malam Uwaisu bai taɓa zuwa ba, Badaruddeen kuwa a kan babur aka kai su ta hanyar da mota ba ta bi. Saboda haka ni zan zauna a gaban mota in nuna hanya. Wannan karon ko Goggo ban gaya wa ba.

Ka sa ni a addu'a. Gaisuwa ga Hajiya.

Taka,
Badi'a.

Gwarzo,
16 ga Mayu.

Zuwa ga Abban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna nan lafiya, ya jikin Hajiya, ya rigimar Ummi. Ni lafiyata ƙalau. Zan ba ka labarin yadda ya faru, a jere, ba ƙari.

Ran Talata muka tafi, ni da Dakta da Malam Uwaisu. Hantsi ya dubi ludayi muka isa rafi. Mata sun kai goma sha biyar a cikin yashi, kowace da raminta. Dakta ta sauka ta leƙa ramukan, ta ɗauki hoto, ta sa Malam Uwaisu ya duba awon tafiya a motar. Daga nan zuwa gari kilomita huɗu da rabi ne. A tsakiyar hanya muka cim ma waɗanda suka riga suka taso, ta uku a layin Inna ce. Na sa aka tsaya, na sauka na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon tayar mota, jarka a kanta, wuyanta na rawa. Malam Uwaisu ya ce a sa kayan a bayan mota, ta ƙi, ta ce an kusa. Da saura kilomita biyu.

Dakta ta ce nisan hanya kaɗai bai isa ba, dole a ɗebi ruwan cikin gidaje, kuma ba a shiga gida sai da izinin mai unguwa. Don haka muka wuce ƙofar gidanmu.

Baffa yana gindin ɗinya da dattawa uku, yana tufkar igiya. Ya ga motar, ya ga tambarin da ke jikinta, sannan ya ga wadda ke gaba. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, Dakta ta zauna, ni na raɓe can gefe kusa da turken akuya, inda ya dace da ni.

Aka fara gaisuwa. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Kano, da zafi, da iyali, da manyan wurin aiki. Ya gama ya sake ɗaukowa daga farko. Da ya shiga zagaye na uku sai na gane abin da yake yi. Bayan gaisuwa ruwa ke biyowa, kuma ya san abin da ke cikin randarsa. Yana magana yana satar kallon zaure. Babu wanda ya fito. Inna ta iso ta shige da kayanta ta ƙofar baya, shiru. A garin gaba ɗaya babu gidan da za a aika a aro moɗa ɗaya ta ruwan kirki.

Akwai jakar ruwan leda guda a bayan motarmu. Malam Uwaisu, mutumin kirki, ya matso ya yi mini raɗa ko ya zagaya da ita ta baya a juye a kwano, a fitar da tsohon daga kunya. Na girgiza masa kai. Wannan ni na yi shi, ba Dakta ba, kada ka ɗora wa kowa.

Gaisuwa ta ƙare. Ina jin akuyar tana tuƙa a bayana. Sai Baffa ya ajiye igiyar ya miƙe. Mutumin da tunda nake ban taɓa ganin ya ɗauko wa baƙo ruwa da hannunsa ba, ya shiga gida da kansa. Ya fito da farin kwanon shan nan mai bakin shuɗi, wanda ake ajiye wa surukai da jakadan hakimi, wanda aka ba ka ruwa a ciki ranar da ka fara zuwa gaisuwa. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Dakta, ya ɗaga faifan da aka rufe shi da shi.

Ruwan kalar kunun kanwa ne. Daga inda nake ina hango abubuwa suna motsi a ciki.

Dakta Zinnira 'yar gidan tarbiyya ce. Ta yi bisimilla, ta ɗauka da hannu biyu, ta nufi bakinta da shi. Sai Baffa ya miƙa tafin hannunsa ya rufe bakin kwanon. Ya ce mata, murya ƙasa-ƙasa, wannan na kwalbarta ne ba na bakinta ba. Ya ce ta yi masa aikin gafara, yau gidan Hammadu ba shi da ruwan baƙo. A gaban dattawan garin ya faɗa, da bakinsa, ya kuma kira sunan kansa.

Dakta ta ajiye kwanon, ta ciro kwalba ta cika, ta rubuta lamba a jiki. Baffa ya juya wajen dattawan ya ce a buɗe mata kowane gida, abin da ta tambaya a gaya mata yadda yake. Daga nan ya ɗauki igiyarsa ya bi hanyar gona, gonar da babu komai cikinta sai kututturen dawar bara.

Mun yi gida ashirin kafin la'asar. Ni a waje nake tsayawa, Dakta ke shiga. Ta ce da mata suka ji mai unguwa ya yi magana sai baki ya buɗe, har da abin da ba a tambaya ba. Gida sha huɗu cikin ashirin sau ɗaya ake ɗora tukunya tun bayan sallah. Gidanmu yana cikinsu, ragon da aka yanka wa Badaruddeen shi ne nama na ƙarshe da ya shiga gidan.

Da za mu tafi dattawan suka rako mu mota. Baffa bai dawo ba. Ka san shi, ko mai tallan gishiri sai ya taka masa zuwa bakin gari.

Ban yi kuka a can ba, ban yi a mota ba. Dakta ta miƙo mini ledar ruwa a hanya, na riƙe ta har Gwarzo ban fasa ba. Idan ka tambaye ni ko na yi daidai, zan ce na yi. Idan ka tambaye ni ko zan iya kallon fuskarsa, ban sani ba.

Ka gaida kowa.

Taka,
Badi'a.

Gwarzo,
30 ga Mayu.

Maigidana, Abban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina yi muku barka da ruwa, don na ji Kano ma an samu. Nan ran Litinin ya sauka, mai ƙarfi, har ya shigo mana ɗaki. An rufe awo. Wannan ce takarda ta ƙarshe, ranar Laraba in Allah ya yarda ni da kaina Malam Uwaisu zai ajiye a shago.

Tudun Ɗinya ta sami sha bakwai. Ja, ta biyu a jerin shida. Masu haƙa za su zo bayan kaka, idan hanya ta bushe. Shigarmu ta tura wata unguwa a mazaɓar Jama'a ta koma ta bakwai. Ni na auna ta, na san ruwan da suke sha, ya fi namu da kaɗan ne kawai. Ban yi murna yadda na zata zan yi ba. Dakta ta ba ni takardar gargaɗi a kan sanarwar farko, na sa hannu na karɓa. Ta kuma ƙara tambaya ta arba'in da uku a fom: ruwan da ke cikin randa yau, daga inda aka saba ɗebowa yake?

Goggo ta je garin ran Juma'a ta kwana biyu. Ta ce mata sun yi guɗa da labarin ya iso, Inna ba ta yi ba, amma ta ba Goggo man shanu ta ce a kawo Gwarzo, ba ta faɗi na wa ba. Baffa kuwa tun ranar bai sake zama a gindin ɗinya ba. Daga masallaci sai gona sai ɗaki. Masu kawo ƙara a zaure yake ganinsu. Babu wanda ya yi masa gori, Goggo ta ce girmansa ma ƙaruwa ya yi a idon mutane, amma shi ba ya ganin haka. Farin kwanon ya wanke shi da kansa ya kife a kan katangar zaure, ya hana kowa taɓawa.

Da za ta taho ya ba ta saƙo. Ya ce a gaya wa baƙuwar nan ta Kano ta bar gidansa da ƙishirwa, kuma hakan bai taɓa faruwa ba tun zamanin ubansa. Ranar da burtsatse ya kawo ruwa ta dawo ta sha a kwanon nan kafin kowa ya sha. Na tambayi Goggo ko shi ke nan. Ta ce sai da ta sa takalmi sannan ya ƙara da cewa wannan karon wadda ta san hanya ta aiko tun da wuri.

Na sa ta maimaita mini sau uku. Goggo ta ce faɗa ne. Da na matsa ta ce to gayyata ce. Daga baya ta ce in ƙyale ta, ita ma shekara sittin tana fama da shi ba ta gama gane shi ba.

Shekarata ashirin da tara bai kira sunana ba, ban taɓa damuwa ba, na san kunya ce. Kwana goma sha bakwan nan ne kawai na kasa bambance kunyar da fushi, kuma abin ya hana ni sakat fiye da yadda na nuna maka. Wadda ta san hanya. Tunda aka haife ni, wannan ne abu mafi kusa da sunana da ya fito daga bakinsa.

Zan aika tun da wuri. Ka fara shiri, da kai da Ummi za mu, kuma kada ka ce shago.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata ina tafe da man shanu.

Taka har kullum,
Badi'a Hammadu.